Kanwar Shanu Aka Ba Ki, Adawiyya

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu tattara, sai dai wani ya riga wani. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar na bana, bayan sallar la'asar, Adawiyya 'yar Kawu Badaru na Yammedi, matar Abdulsalami na Rogo Ruma, ta riga mu. Ta cika a gadon asibiti, ruwan da aka ɗaura mata ko rabi bai kai ba. Ta bar miji, ta bar uwa da uba duka a raye, ta bar 'ya ɗaya mai shekara tara, Maijidda, wadda take ɗauke da irin ciwon sugan da uwarta ta yi fama da shi.

Ni ne Lado ɗan acaɓa, taubashinta. Duk wanda ya san ni ya san ba a ɗaukar maganata da nauyi, kuma ni na jawo. Ni na taɓa sa kwaɗo a butar mai unguwa, ni nake kwaikwayon muryar mutane har matansu su amsa. Shi ya sa na ce wannan karon in rubuta. A rubuce ba wanda zai kalli bakina ya ce murmushi nake ɓoyewa.

Adawiyya, ke 'yar namiji ce, ni ɗan mace, don haka tun muna ƙanana kika yanke cewa ni bawanki ne, kuma har kika bar duniya ba ki 'yanta ni ba. In na shigo gidan Kawu sai ki ɗaga murya ki ce, "Ga bawana nan, a kankaro masa ƙanzo." In na tashi fita sai in tarar kin rufe mini malmalar da ta fi ta kowa a ƙarƙashin faifai. Ke kika koya mini baƙaƙen boko a waya, kina dariya har da hawaye don na dage sai na fara daga hannun dama. Da babur ya kayar da ni na karye, kina Rogo Ruma amma awararki ba ta yanke mini ba, direbobi ke kawowa, kowane ƙunshi da saƙonsa: a miƙa wa gurgun Yammedi.

Ba ni kaɗai ba ne. Tasalla maƙwabciyarki, da mijinta ya rasu ta rasa inda za ta kama, ke kika zaunar da ita gaban tukunya kika koya mata awara tun daga jiƙon wake har suya. Da ta iya, kika ce wa masu saye na layin masallaci su koma wurinta, wai ke ƙafarki ta gaji da aike can. Ƙafarki ba ta gaji ba, kowa ya sani. Jiya Tasalla take gaya mini ko sau ɗaya ba ki taɓa tuna mata ba.

Ciwonki ma ba ki ɓoye shi kamar yadda wasu ke yi ba. Kin ajiye maganin allurarki a cikin tulu, tulun a cikin jiƙaƙƙen yashi don sanyi, kina yi wa kanki safe da yamma. Da aka gano Maijidda ma tana da shi bara, kin yi kuka, sannan kika share ido kika ƙara kwalba a tulun.

Yadda aka yi na san abin da ciwon ke yi kuwa, ta hanyar tsiyata ce. Wata rana na kawo miki saƙo daga gida na tarar kin ɗora madarar wake a wuta kin shiga ɗaki. Na zubar da ruwan tsamin da kike haɗa awara da shi, na cika kwanon da ruwan kanwa, na koma gefe na yi shiru kamar na kirki. Kika zuba, kika jira, madara ta ƙi haɗewa. Kika ɗanɗana, kika waiwayo, ni kuwa na riga na kai zaure. Ludayin ya same ni a ƙeya duk da haka.

Da fushi ya sauka sai kika kira ni. Kika ɗebo zoɓo ja wur a kofi, kika ɗiga masa ruwan kanwar nan, nan take ya juye ya yi duhu.

Kika ce, "Ka gani, wawa? Abu kaɗan ke juya shi. To haka jinin mutum yake, in ji ma'aikaciyar asibitinmu. Ba ya son tsami, ba ya son kanwa ta yi yawa. Tsakiya yake so, tsakiyar kuma siririya ce kamar zare. Duk abin da muka ci, duk aikin da jiki ya yi, tsami yake bari. Sai Allah ya sa wa jinin wata irin kanwa tasa a ciki, tana kashe shi nan take. Wani tsamin huhu ke fitarwa, duk numfashin da ka sauke. Wani ƙoda ke tacewa ta zubar a fitsari, ta kuma mayar wa jini kanwarsa, amma ita a hankali take aiki. Ni in babu allura, suga na nan cike da jinina amma jiki ba ya iya cin sa. Sai ya koma cin kitse, kitsen kuma tsami yake zubowa, fiye da yadda su ukun za su kwashe. Ranar da ka gan ni a kwance ina haki kamar wadda ta yi tsere, huhuna ne ke faɗa. Kada ka tsaya gaisuwa. Ɗauke ni."

Na ce, "To mene ne na asibiti? Ai sai a jiƙa miki kanwa a kwarya."

Kika sake ɗaga ludayin. "Inda tsamin ke ɓulɓulowa ake rufewa, allura ce kuma ke rufe shi. Kai rufin ɗaki na yoyo, kana ta kawo tsumma."

Muka yi dariya. Adawiyya, abin da na faɗa don in ba ki dariya, shi wani dattijo mai furfura ya aikata da gaske, kuma shi ya sa har yau in na kwanta haƙorana ke cizon juna.

Bayanin nan ba ni kaɗai kika yi wa ba. Kin yi wa mijinki, kin yi wa matan gidan, kin yi a gaban Malam Sulle, yayan mijinki, wanda shi ne babba a gidan. Kin yi ne don su san ranar da za su ɗauke ki. Shi kuwa ya tsinci kalma ɗaya, tsami, ya sa a aljihu, ya bar sauran a ƙasa.

Ba zan yi masa ƙarya ba ko da ina fushi. Malam Sulle ya san shanu. Turke yake yi tun kafin a haife ni. In sa ya kwance ya faɗa wa buhun masara ya ci har cikinsa ya yi tsami ya kumbura, shi ake kira, har daga Yola ana zuwa ɗaukar sa. Ya jiƙa kanwa, ya ɗura, sa ya miƙe. Ya yi haka ba adadi, kuma ya ci nasara. Nasarar nan ce ta kashe ki.

Zazzaɓin damina ne ya fara kama ki, lokacin Abdulsalami ya tafi kai shanun yayansa Kudu, waya ba ta shiga. Kika yi ta amai, abinci ya ƙi zama. Mutanen gidan sun taɓa ganin kin faɗi saboda kin yi allura ba ki ci komai ba, sai Malam Sulle ya ba da umarni kada wanda ya soka miki allura a cikin da babu komai. Kin ce musu a asibiti an gargaɗe ki, zazzaɓi ma ƙara buƙatar allurar yake yi, ba a dainawa, gwada jini ake yi a daidaita. Aka ce zafin jiki ne ke sa ki surutu. Da numfashinki ya fara tashi, kika ce jininki ne ke tsami, a kai ki asibiti. Aka kai masa maganar zaure. Ya ce, to ai ta faɗi ciwon da bakinta. Ya shiga inda yake ajiye kayan shanu.

Tasalla ce ta kira ni da safiyar Larabar, tana magana ƙasa-ƙasa. Na baro fasinja a bakin hanya na taho. A zaure na tarar da Malam Sulle da mutanensa, na durƙusa, na gaishe shi kamar yadda ya kamata, gida, iyali, ruwa, har shanu. Sannan aka ba ni izinin shiga.

Tun daga tsakar gida nake jin ki. Numfashi ne mai zurfi, babu hutu, kamar zugazugin maƙeri. Ɗakin yana wani irin ƙamshi kamar mangwaron da ya nuna ya wuce, daga bakinki yake fita. Leɓɓanki sun tsage. Ga kwarya a gefen katifa da sauran jiƙon kanwa, ga inda kika amayar da wanda aka ɗura miki. Wata tana shafa miki man zafi a ƙirji wai asma ce. Kika buɗe ido da ƙyar, kika gane ni, kika ce:

"Bawa... ka tsaya gaisuwa ko?"

Ita ce maganarki ta ƙarshe da ni.

Na koma zaure a guje. Na ce, "Malam, mota zan nemo. Asibiti za a kai ta yanzu."

Ya ce, "An ba ta magani. A bar shi ya yi aiki."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ba a ciki tsamin yake ba, a jini yake. Kanwa ba ta isa can."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Cikin da jinin ba jiki ɗaya ba ne? Lado, yaushe aka ba ka likita? Ba kai ne kwanan baya kake kukan akuya a bayan masallaci ba?"

Mutanen zauren suka yi dariya. Wallahi sun yi. Numfashinki yana shigowa har inda suke zaune, suna dariya.

Na ce, "Malam, yau ba wasa nake ba."

Ya ce, "Ƙanena ya bar mini amanar gidansa. Ba za a fitar da matar aure a kan maganar ɗan wasa ba."

Na kira Kawu Badaru na miƙa wa Malam Sulle wayar. Ya ƙi karɓa. Ya ce shi ba ya maganar iyali a waya, in uban yana da magana ya tako.

Sai na tafi na ɗauko uban. Kun san hanyar nan da damina. Na faɗi a taɓo, na tashi, na isa Yammedi, muka nemi mota, muka juyo. Kawu bai zauna a zauren ba, bai karɓi ruwa ba. Ya ce, "Sulle, 'yata na zo ɗauka." Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Muna shiga wata daga cikin matan ta tare mu da fara'a, ta ce, "Alhamdu lillahi, ai ta samu sauƙi, numfashin ya kwanta." Ya kwanta kam. Ba ki san wanda ya ɗaga ki ba.

A asibiti sun yi abin da za su iya. Suka ɗaura ruwa, suka sa allura, suna ta kai da kawowa. Bayan an rufe miki fuska, likitar ta ja ni da Kawu gefe, ta yi mana magana a hankali. Ta ce rai na Allah ne, ita ba ta riƙe da shi. Amma ta ce hakin nan da aka gani ba shi ne ciwon ba, shi ne ƙoƙarin jiki na fitar da tsami ta huhu. Da ya kwanta, ba sauƙi ba ne, gajiya ce. Ta ce amai da yawan fitsari sun ƙarar da ruwan jikinki, ƙoda ta rasa abin da za ta tace da shi, kanwar da ke cikin jinin kuma ta ƙare tun tuni. Wadda aka ɗura miki ta baki amai ta ƙara miki, ta ƙara wa ƙoda nauyi. Ta ce irin wannan, in aka kawo da wuri, ruwa da allura ne, da yawa suna tashi su koma gida da ƙafarsu. Kawu ya ce, "Da wuri kamar yaushe?" Ta ce, "Kamar lokacin da ta ce a kawo ta."

An yi ta ce mini in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda. A allo na koyi cewa babu ran da ke wuce lokacinsa. Amma a gaban malamin allon nan dai na koyi cewa za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo. Ban ga inda aka ce ajali yana wanke wanda mara lafiya ta roƙa ya toshe kunne ba. Mutum ya ji tsoron allura, na fahimta, ba karatunsa ba ne. Amma mace ta shekara da shekaru tana zaune da ciwonta, ta san shi kamar tafin hannunta, ta gaya maka sunansa, ta gaya maka maganinsa, kai kuma ka zaɓi abin da ka sani a kan shanu? Me za a kira wannan? Kuma ku da kuka yi dariya a zaure, na ga wasunku a sahun gaba wajen jana'iza, kuna ta sharar ido. Allah ya karɓa. Ni dai na san muryar kowa, sana'ata ce.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha baƙi sun ragu, aka zauna maganar Maijidda. Abdulsalami ya dawo tun washegarin jana'iza, yana zaune a gefe kamar wanda aka zare wa laka. Malam Sulle ya gyara murya ya ce yarinya za ta koma ɗakin matarsa. Sannan ya ce, kowa ya shaida numfashi ya kwanta, aka zo aka ɗauke ta da gaggawa aka kai inda aka soka mata ruwa, ga abin da ya biyo baya. Don haka ita yarinyar a huta da huda mata ciki safe da yamma, shi zai nemo mata na gida.

Kawu ya sunkuyar da kai. Kun san yadda abin yake, 'ya ta gidan ubanta ce, dangin uwa sai kallo. Na duba ƙofar cikin gida na hango Maijidda a tsaye, ta rungume tulun nan da hannu biyu. Ta ji komai.

Na miƙe. Ban kai ga buɗe baki ba aka fara, "Zauna, Lado." "Nan ba dandali ba ne." "Wa ya sa yaro a maganar manya?"

Sai Abdulsalami ya ɗago. Mutumin nan Malam Sulle ne ya rene shi tun rasuwar ubansu, shi ya yi masa aure, a shanunsa yake ci. Ban taɓa ganin ya haɗa ido da shi ba.

Ya ce, "Ku bar shi. Lado, kana wurin, ni ba na nan. Faɗi abin da likita ta ce. Duka."

Na faɗa. Na faɗi na likita, na faɗi naki na ranar zoɓo, ban ƙara ba ban rage ba, ban kwaikwayi muryar kowa ba. Tun da nake, ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba ba tare da an yi dariya ba.

Da na gama Abdulsalami ya juya wurin yayansa. Ya ce, "Yaya, kai ne ubana, ban taɓa tsallake maganarka ba. Shanu naka ne, yadda ka ce haka za a yi da su. Maijidda tawa ce. Ba za a daina mata allura ba, kuma yau za ta kwana a Yammedi wurin kakarta."

Malam Sulle ya ce in ya fita da ita, kada ya sake taɓa igiyar sansa. Abdulsalami ya ce, "To, Yaya." Ya tashi ya shiga ciki. Ni na goya su a babur, shi a baya, ita a tsakiya, tulun a cinyarta an naɗe shi da zanenki.

Adawiyya, ga inda ake yanzu. Mijinki ba shi da aiki, yana taya Kawu noma, yana kwana a shagona. Ya je asibiti an koya masa allurar da gwajin jini. Yau da safe na tarar da shi a tsakar gida, allura a hannu, ya kasa sokawa. Maijidda ta ɗaga riga tana jira, har ta gaji ta ce, "Baba, ba haka Umma take yi ba. Tsunkule fatar tukuna." Ya tsunkule. Ya yi. Ta ce masa ya fi jiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Badaru da Inna Sa'adiya, Allah ya ba ku haƙurin binne wadda kuka sa ran ita za ta binne ku. Ga Abdulsalami, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba, ya ƙarfafa hannunka. Ga Tasalla da matan gidan Rogo Ruma, waɗanda suka so a fita da ita ba su da iko, Allah ya sanyaya zukatanku. Ga Maijidda, Allah ya raya ki, ya sa ki tsufa da ciwon nan har ki gaji da shi. Ga mutanen Yammedi da duk wanda ya taɓa cin alherinta, Allah ya ba mu dangana.

Ke kuma, Adawiyya, Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ba ki numfashi mai sauƙi a inda babu ciwo babu allura. Allah ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Malam Sulle, kai ma an yi maka rasuwa, kuma an ce mini tun ranar ba ka cin abincin kirki. Ya kamata in sa ka a addu'ar nan. Na ɗaga hannu na gwada, bakina ya ƙi. Allah ya kawo ranar da zan iya yi maka ita da zuciya ɗaya. Yau dai ba ni da ita.

Amin.